Abin Lura: Zauren Gado Ke Riga Ɗakuna Faɗuwa

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Maradi ta ratsa Caduwa da Agiye da Gazawa ta nufi Tasawa, in a ƙarshen damina ne, kuma bai yi barci a mota ba, akwai abin da zai yi ta gani har ya daina ba shi mamaki. Tsohon gidan ƙasa ne a gefen gari, katanga ta zaizaye, zaure ya rufta, azara ta yi cirko-cirko, ciyawa ta tsiro a kan abin da ya rage na soron. Amma in ka leƙa ta inda katangar ta zube, sai ka hangi ɗakunan siminti biyu ko uku a tsakar gidan, kwano yana ƙyalli, wani ma har da farantin sola a kansa. Gida ne da mutanensa a ciki, ana daka, yara suna wasa, ga tumaki a turke. An dai fasa katanga ta gefe an kafa ƙyauren ƙarfe, an bar wa awaki zauren.

Mai saurin yanke hukunci zai ce talauci ne. To amma wanda ya iya sayen siminti da kwano ya tayar da ciki da falo, ai bai rasa kuɗin amalanken ƙasa ba. Wani zai ce ruwa ne ya yi yawa, kuma gaskiya ne damunar 2024 ta yi ɓarna mai yawa a jihar Maradi. Sai dai ruwan da ya sauka a kan zaure shi ne ya sauka a kan ɗakin tsohuwa da ke can ƙuryar gida, shi ma na ƙasa ne, tsaransu ɗaya da zauren, ga shi nan tsaye tana kwana a ciki. Me ya sa zaure, wanda ya fi kowane ɗaki kauri da ƙwarin gini, ya riga su faɗuwa?

Kafin amsa, ya kamata a san irin wahalar da aka sha aka tayar da shi. Ƙasar Agiye da Gazawa da arewacin Gidan Rumji mafi yawanta jigawa ce, rairayi ne wanda ba ya kama jikinsa. A da, yawancin mutane a ɗakunan shibci suke, da darnin kara kewaye da su. Da yaƙe-yaƙe suka lafa a farkon ƙarni na 20, mutane suka fito daga garuruwa masu ganuwa da bakin gulbi suka bazu cikin daji suna saran gona, ƙauyuka da yawa kuwa daga gidan mutum ɗaya suka faro. Soro ya yawaita ne da kuɗi suka shigo, musamman kuɗin gyaɗa, wadda tun daga shekarun 1930 har zuwa na 1960 ta zama babbar hajar ƙasar Maradi, ana kwasarta zuwa Kano inda jirgin ƙasa ke jigila tun 1912. Wanda ya tayar da soro a lokacin, ko basarake ne, ko babban malami, ko manomin da gandunsa ya yi albarka, ko ɗan kasuwa. Zaurensa shi ke gaya wa mai wucewa ko shi wane ne.

Gini aikin rani ne. Tun ana gama girbi ake fara ɗebo ƙasa mai danƙo daga bakin tabki ko kududdufi, jakuna suna kai da kawowa da mangala. A jiƙa ta, a zuba mata ciyawa da kashin dabbobi, samari su shiga su tattake ta da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake jiƙawa a sake takawa, har sai ta yi laushi tana bin hannu. Tubalin da, kafin na kwali mai kusurwa huɗu ya zama ruwan dare, da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi, kai da tsini, a jera a rana ya bushe. Magini yana zaune a kan bango kamar mahayi, yaronsa yana ƙasa yana jefa masa tubali da curin ƙasa, shi kuwa yana cafewa yana dasawa, ko kallon hannunsa ba ya yi. Ba a yi wa bango gaggawa. In an ɗora 'yan layuka sai a dakata su sha iska, don ɗanyen gini ba ya ɗaukar nauyin ɗan'uwansa. Gindin bango a yi shi da kauri sosai, yana hawa yana sirancewa. Wannan kaurin ne ke tare zafin bazara, lokacin da awon zafi ke haura 40 a watannin Afrilu da Mayu, ka shiga zaure da tsakar rana ka ji kamar an yayyafa ruwa.

Rufi shi ne inda ake gane gwani. Azarar kirki daga giginya ake tsaga ta, namijin giginya ma, domin gara ba ta cinta da sauƙi. Inda giginya ta yi nisa, akan yi da goriba, wadda ta cika kwarin Gulbin Kaba, kabarta kuma ita ce igiyar ɗauri da tabarmar shimfiɗa. Azara tana da iyakarta: in tazarar da ke tsakanin bango da bango ta kai wajen mita biyu, ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa ita kaɗai. Shi ya sa ɗakunan da suke ƙanana. Zaure kuwa dole ya yi faɗi, sai magini ya nemi dabara. Ko ya kafa ginshiƙi a tsakiya, ko ya yi baka: ya dasa azara a jikin bango ta leƙo ciki, ya ɗaura wata a kanta da igiya ta ƙara leƙowa, yana lulluɓewa da ƙasa, daga wannan bango da wancan, har su haɗu a sama. In bakuna biyu suka gitta juna, an sami ɗaurin guga ke nan, a kansa tulluwa za ta zauna. Daga nan a jera gajerun azara, a shimfiɗa zana, a ɗora ƙasa a daddaɓe. A kewaye saman da rawani, a tsayar da zankwaye a kusurwoyi, a kafa indararo. A jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makuba a shafe bango da ita don ruwa ya riƙa zamewa. Ranar daɓe kuma ta mata ce, su taru da madaɓai su buge ƙasan har ya yi sulɓi.

Ashe ke nan zaure ne ya sami magini mafi ƙwarewa da azara mafi kyau da ƙasa mafi danƙo. Ta fuskar gini, shi ya kamata ya zama na ƙarshen faɗuwa.

Irin wannan gida, wanda ya san kansa yana iya karanta tarihin zuriyar a jikinsa ba tare da takarda ba. Ka wuce zaure ka faɗa ƙofar gida, ga ɗakin samari da na baƙi, ga inda turken doki yake a da. Ka bi ta shigifa ka shiga cikin gida, ga turaka, ga ɗakin uwargida, ga na wadda ta biyo ta, ga rumbuna da madafa. Kowane ɗaki da dalilin gina shi. Wannan an yi shi ne da maigida zai ƙara aure. Wancan sashen an fitar da shi ne da babban ɗa ya yi mata. Ɗan filin nan da babu komai, ɗakin kaka ne, da ta rasu aka bar shi ya zube, aka kwashe ƙasarsa aka sake kwaɓawa aka gina wa jikanta. Wata katangar da ta raba tsakar gida biyu, manya sun san saɓanin da ya haife ta, ko da ba sa so su faɗa. A bayan ɗakunan nan aka binne mabiyar kowane jariri, shi ya sa mutum zai yi shekara talatin a Yamai ko Legas amma in ya ce gida, nan yake nufi. Wani masanin gine-gine mai suna Friedrich Schwerdtfeger, wanda ya auna gidajen birnin Zariya ya fitar da littafinsa a 1982, abin da ya nuna ke nan: gidan Bahaushe yana faɗaɗa yana tsukewa daidai da aure da haihuwa da mutuwa da rabuwar mutanen cikinsa.

Zaure kuwa shi ya ga abin da ya shafi kowa. A ƙofarsa aka ɗaura auren 'yan matan gidan, aka raɗa wa jarirai suna, aka yi zaman makoki. A cikinsa yara suka yi karatun allo, fatake suka kwana, maza suka ci tuwon dare a akushi ɗaya, aka sasanta rikicin iyakar gona kafin ya kai gaban sarki. A nan maigida ya zauna ya yi shawarar ranar da za a buɗe rumbun gandu a shekarun wuya, irin farin 1973 da 1974 da yunwar 1984 da mutanen ƙasar nan ke kira El-Buhari. Sannan gari ya zo ya tarar da gidan. An mai da Agiye mazaunin hukuma mai zaman kanta a 1972, Gazawa ta sami nata matsayin a 2011, ma'aikata suka zo, aka yanka filaye, gidan da a da in ka fito zaurensa gonar gero kake kallo, yau shaguna ne a gabansa.

To me ya riƙe shi duk tsawon shekarun nan? Yaɓe. Ginin ƙasa kiwo ne, ranar da aka daina ba shi abincinsa ranar ya fara ramewa. A zamanin gandu wannan ba abin tunani ba ne. Kowa yana noma gonar gandu a ƙarƙashin maigida, sannan yana da gamanarsa ta kansa. Daga rumbun gandu ake ci, a biya haraji, a yi wa samari aure, a gyara gida. In bazara ta fara haɗa gajimare, maigida zai sa a kawo ƙasa, ya tashi samari da sassafe. Yaro ya taka tsani ya hau soro, ya tuge ciyawar bara, ya bi tsaga ɗaya bayan ɗaya yana cusa ƙasa yana shafewa da tafin hannu. Ya ɗauki kara ya zura cikin indararo ya zaƙulo sheƙar tsuntsu da ganye da rairayin da iskar hunturu ta tara. Na ƙasa su bi gindin bango inda danshi ya cinye su cike, su tura ƙasa don ruwa ya gangara nesa da gini. Mata su dama fura. Kafin azahar an gama. Babu wanda ya kira taro a kai, domin akwai mutum ɗaya da kowa ya san aikin a wuyansa yake, kuma in ya yi magana ana ji.

Mutuwar soro ma a hankali take zuwa, kuma kusan kullum daga indararo take farawa. Ya toshe, ruwa ya rasa hanya ya kwanta a bayan rawani. Ya sami 'yar tsaga ya bi. Ƙasar rufi ta sha ruwa ta ƙara nauyi, bakin azarar da ke cikin bango ya jiƙe ya fara ruɓewa, gara ta biyo danshi. Da fari ɗigo ne, wani ya kawo roba ya tara. Wata damina rufin ya yi ciki. Wata daminar kuma, cikin dare ana ruwa, a ji rugum. Da safe a taru ana salati ana cewa ruwa ya kayar da zauren Malam, alhali aikin da aka tsallake tun farko bai fi na yaro ɗaya da kara ɗaya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu mu koma ranar da maigida ya kwanta dama. Bayan sadakar arba'in a kira malamai a yi rabon gado yadda shari'a ta tsara: matan mamaci su raba tumuni, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Gona a auna ta a yanka, dabbobi a ƙidaya, hatsi a raba dami-dami. Ɗakuna ba su da wuya, yawanci kowa ya riƙe sashen da yake ciki. Sai a zo kan zaure. Ba ya yankuwa, ba kuma wanda zai iya buɗe baki ya ce a sayar da zauren ubansa. Sai wani dattijo ya ce a bar shi na kowa da kowa, kowa ya ce madalla, a shafa fatiha. A ranar ana ganin an girmama zaure. A gaskiya kuwa ranar ce ya zama maraya, don kowane ɗaki ya tashi da mai shi, shi kaɗai ya tashi ba shi da kowa.

Bayan 'yan shekaru, auta da ke zaune a gidan zai kira wansa da ya tafi bida, wato neman kuɗi a nesa, a waya.

"Yaya, zauren Baba fa ya fara yoyo."

"To Auta, ku da kuke ciki ba sai ku taɓa shi ba?"

"Ai ba ni kaɗai na gada ba, Yaya. In na sa kuɗina na gyara, gobe a ce ina neman in mallake."

"Haka ne. Bari in zo da babbar salla mu zauna gaba ɗaya."

Salla ta zo, a yi gaishe-gaishe, a ci nama, kowa yana jin nauyin ya tayar da maganar kuɗi, a watse. Gwaggonsu, ƙanwar mahaifinsu, wadda ta san shekarar da aka ɗora rufin da sunan maginin da ya yi shi, in ta zo gaisuwa takan tsaya ta dubi tsagar ta ce: "Yaran nan, ku dubi zauren Yaya mana." A ce mata to, Gwaggo. Ita kuma ba ta ƙarawa, kada a ce mace tana gidan wani tana tsoma baki a gadon da ba nata ba.

Abin lura a nan shi ne, duk cikinsu babu mugu. Na gida yana tsoron zargi. Na nesa yana ganin bai kamata ya kashe kuɗi a kan abin da wasu ke mora ba, ga shi yana aiko da na abinci. Matan zuriya, waɗanda sau da yawa sun fi kowa ƙaunar gidan, ba a tambaye su ba. Kowannensu in ka same shi shi kaɗai zai rantse maka yana son zauren nan, kuma da gaske yake. A tsakiyar mutanen kirki masu ƙaunarsa zauren yake faɗuwa. Magabata sun ce gadon gida alala ga raggo, amma waɗannan ba raggaye ba ne, ga ɗakunan simintinsu nan shaida. Abin da suka rasa shi ne mutum ɗaya da aka ambaci sunansa aka ce wannan aiki naka ne.

Shari'a ba ta bar wannan ƙofa a buɗe ba, mu ne ba ma shiga. A fiƙihun Malikiyya akwai shufu'a, wato in abokin tarayya zai sayar da rabonsa na gida ko fili da ba a raba ba, 'yan'uwansa na tarayya sun fi bare haƙƙin saye. Akwai kuma hubusi, wanda ake cewa waƙafi, inda ake tsayar da abu ba sayarwa ba rabawa, a naɗa mai kula da shi, a faɗi inda kuɗin gyaransa zai fito. Ta ɓangaren hukuma, tun 1993 Nijar ta kafa dokar filayen karkara wadda ta haifar da kwamitocin filaye har a ƙauyuka, inda ake rubuta shaidar gado da ciniki da kyauta. Mukan tuna da waɗannan ne in rigima ta tashi a kan gona. Ba kasafai ake jin zuriyar da ta zauna lafiya lau ta rubuta wanda zai kula da zaure ba.

Wanda ke shakkar cewa ginin ƙasa yana daɗewa in yana da mai shi, ya je Kano ya ga Gidan Ɗan Hausa. Shi ma a da gidan bayan gari ne, a Nasarawa yake, wajen ganuwa. A cikinsa Hanns Vischer ya zauna, Baturen da aka haifa a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1876, wanda ya ratso Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, Kanawa suka sa masa suna Ɗan Hausa saboda jin harshen da ya yi. Maginan Kano ne suka yi aikin gidan, da tubali da azara da bakuna, irin kayan da aka yi zaurukan Agiye da su. Ya zauna a ciki da matarsa Isabelle, wadda ta rubuta littafin abubuwan da ta gani a ƙasar Hausa da Faransanci. Vischer ya bar ƙasar tun zamanin yaƙin duniya na farko, ya rasu a 1945, zuriyarsa suna Turai, amma gidan yana nan ya haura shekara ɗari, yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jihar Kano, baƙi suna shiga suna kallo. Ƙasarsa ba ta fi ta Gazawa tsarki ba. Yana dai da wanda za a tambaya in ya yi yoyo.

Mutanen jihar Maradi sun fi kowa dalilin riƙe 'yan tsofaffin gidajen da suka rage musu. Birnin Maradi na asali, wanda Katsinawan da suka baro Katsina bayan jihadi suka zauna a cikinsa a zamanin Ɗan Kasawa, a cikin kwarin gulbi yake. Ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka tayar da gari aka mai da shi kan tudu aka yanka tituna miƙaƙƙu. Sunayen unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Limanci da 'Yandaka sun hau tudu tare da mutanensu, gine-ginen kuwa sun tafi. Don haka soron da ya kai shekara 80 ko 90 a Agiye ko Gangara ko Tsibirin Gobir, garin da Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, ba ƙaramin abu ba ne a tarihin ƙasar nan. Kuma lokaci ba ya jira. A watan Agusta na 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19, ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka. A farkon Satumba na 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram. In manyan gine-gine da duniya ta san da su ba su tsira daga ruwan wannan zamani ba, ina ga zauren da babu mai hawa kansa? Kuma a tuna, a ƙarƙashin irin waɗannan zauruka yara ke fakewa in hadari ya taso.

Sai dai a yi wa masu siminti adalci. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada, ba a kuma sare itace yadda aka ga dama. Maginan da suka iya ɗaurin guga sun tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo, don nan kuɗi yake. Samarin da za su taka ƙasa suna bida da rani, daidai lokacin da ake bukatarsu. Matar da ta kwana tana tarar yoyo da jariri a hannu, in ta ce kwano take so, ba wanda zai ga laifinta. Ba kowane kango ne ya cancanci a riƙe ba, kuma ba a cewa mutum ya zauna cikin haɗari don baƙi su zo su ɗauki hoto. Akwai ma gyaran da ya fi bari illa: a lulluɓe bangon ƙasa da siminti. Ba sa kama juna, ruwa yakan shiga ta bayan simintin ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa narkewa a ɓoye, wata rana ɓawon ya ɓallo gaba ɗaya. Abin da aka gina da ƙasa, da ƙasa ake gyara shi.

Hanyoyi kuma ba su ƙare ba. A Yama ta jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara masallacin ƙasa a 1962, mutanen gari suna kawo ƙasa da ruwa da itace, har ginin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, ita ma a jihar Tawa, maimakon a rushe tsohon masallacin ƙasa, masu zanen gini Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Ginin da ake shiga kullum ana ganin tsagarsa da wuri. Zauren da ya zama makarantar allo, ko wurin ɗinki, ko inda matan zuriya ke taron adashi, ya fi wanda aka kulle don girmamawa tsawon rai.

Ba sai an je nesa neman misali ba ma. Mutanen Agiye da kansu sun warware irin wannan matsala a gonakinsu. Bayan fari da sara sun bar jigawa tsirara, manoman jihar Maradi suka koma sassaben zamani tun daga shekarun 1980, suna barin tohon kututture suna gyara shi ya zama itace. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga abin ya kankama ne da aka san itacen da ke gonar mutum nasa ne, aka kuma kafa kwamitin sa ido, maza da mata, da hukuncin wanda ya sari na wani. Gawo da kalgo suka dawo, har baƙi daga wasu ƙasashe suna zuwa ganin yadda aka yi. Mutanen da suka iya yi wa itacen daji mai shi, naɗa wa zauren kakansu mai kula ba zai gagare su ba.

Kuma wanda ya fahimci zaure ya fahimci abubuwa da yawa a garinsu. Famfon unguwa da ya lalace kowa yana wucewa da jarka zuwa wani, magudanar ruwa da ta cika da leda a ƙofar gidaje goma, katangar maƙabarta, ajin makarantar da iska ta yaye wa rufi, har da tsohuwar da ke da 'ya'ya takwas kowanne yana zaton ɗan'uwansa ya aika mata da cefane. Ciwon ɗaya ne. Muna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gaskiya ne, amma ko jinkar sai an sami wanda ya kira gayya ya sa rana.

Saboda haka, mai karatu, in kana da zauren gado a Agiye ko Gazawa ko Gidan Rumji ko ina ma, kada ka jira babbar salla. Ku yi magana tun rani. Ku ambaci sunan mutum ɗaya a gaban shaidu, a rubuta cewa kula aka ba shi, ba mallaka ba, don ya huta da tsoron zargi. Ku yanka abin da kowa zai riƙa bayarwa duk shekara bayan girbi, ko jika ɗaya ce ko biyu, na nesa ya turo, na gida ya sa ƙarfinsa, mata su shiga shawara da rabonsu da bakinsu. Ku nemi tsohon magini tun yana iya hawa tsani, ku haɗa shi da yaro ya koya. Ku zaunar da Gwaggo ku ɗauki muryarta a waya, ta faɗi wanda ya gina, da wanda aka haifa a kowane ɗaki, da inda zuriyar ta taso. In kuwa kun duba kun ga zauren ya wuce gyara, ku sauke shi da hannunku, ku ɗauki hotonsa, ku adana azararsa, kada ku bari ya faɗo a kan 'ya'yan mutane. Wanda duk kuka zaɓa cikin biyun ya fi shirun da ake yi yanzu. Kafin ruwan farko na bana, a sami wanda zai hau ya duba indararo.